Na'urar da ta yi shiru, lafiya ce ko mutuwa? Sharhi kan saita sanarwar netwok

Da zarar waya ta tsinke a bayan rauta (na'urar da ke zaɓa wa saƙonni hanya), ko wutar suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna) ta ɗauke ta dawo, na'urar kan haɗa wani ɗan gajeren saƙo ta jefa shi zuwa kwamfutar da aka ɗora wa aikin sa ido, wato tashar kula da netwok. Sau ɗaya take aika shi. Ba ta jiran amsa, ba ta kuma bin sawu ta ji ko ya isa. Masu sana'ar suna kiran wannan saƙo trap, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa shela, domin halinsa ke nan: mai shela ya faɗa ya wuce, wanda ya ji ya ji. Kusan duk wahalar saita sanarwar na'urori daga wannan hali take tasowa, kuma shi ne abu na farko da ake mantawa ranar da ake saitawa.

Ƙa'idar da ke ɗauke da shelar ita ce SNMP. Ta fito a 1988 cikin RFC 1067, ɗaya daga jerin takardun ƙa'idojin intanet, aka sake tsara ta a 1990 cikin RFC 1157, aikin mutum huɗu: Jeffrey Case, Mark Fedor, Martin Schoffstall da James Davin. Magana a cikinta hanya biyu take bi. A ta farko tashar ce ke zagayawa tana tambayar kowace na'ura halin da take ciki, ta ƙofar saƙonni (port) mai lamba 161. Wannan shi ne sintiri. A ta biyu na'urar ce ke buɗe baki da kanta ba tare da an tambaye ta ba, ta aika shela zuwa ƙofa ta 162 a tashar. Duka biyun a kan UDP suke tafiya, wani tsarin jigilar saƙo wanda ba ya ɗaukar alkawarin isar da komai. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar ba su ɓoye nufinsu ba: sintiri ne ginshiƙin sanin halin netwok, shela kuwa 'yar kaɗan ce, aikinta ta nuna wa mai sintiri inda zai duba da lokacin da zai duba. Mu ne daga baya muka juya abin, muka zauna gaban allo muna jiran na'urori su kawo mana ƙara, idan ba su kawo ba mu ce lafiya lau.

To ka duba lokacin da aka fi buƙatar shelar. Lokacin da netwok ya rikice ne. Hanya ta yanke, rautoci suna ta sake lissafin ta ina za su bi, layukan da suka rage sun cunkushe suna zubar da saƙonni. A cikin wannan hargitsi ne ɗan saƙon nan zai ratsa, sau da yawa ma ta hanyar da yake kawo labarin lalacewarta. Idan rauta tana da hanya ɗaya tak zuwa tashar, kuma ita ce ta tsinke, shelar tsinkewar ba za ta taɓa fita ba. Idan kuma wuta ce ta ɗauke wa na'urar gaba ɗaya, babu mai aikawa ma. Wasu kayan, musamman na layukan DSL da na faiba da ke shiga gidajen masu amfani, suna da ɗan ajiyar wuta da ke ba su damar sakin saƙo ɗaya na ƙarshe kafin su mutu, amma ba kowace na'ura ke da wannan ba. Ga mafi yawa, labarin farko da za ka samu shi ne coldStart, wato "na tashi daga farko", bayan komai ya riga ya faru. Saboda haka allo mai tsabta ma'ana biyu yake da ita, ko babu matsala, ko matsalar ta kai girman da ta toshe bakin mai faɗa. Shela kaɗai ba za ta bambance maka su ba.

Sigar farko ta SNMP ta zo da shela shida na kowa da kowa: coldStart da warmStart na tashin na'ura, linkDown da linkUp na faɗuwar mahaɗa (wurin da layi ke shiga na'ura) da dawowarta, authenticationFailure idan wani ya yi tambaya da kalmar shiga da ba daidai ba, sai egpNeighborLoss na wata tsohuwar ƙa'idar rautoci da BGP, ƙa'idar da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da ita yanzu, ta gaje ta. Ta bakwai aka bar wa kamfanoni, kowa ya zuba nasa: fanka ta tsaya, zafi ya yi yawa, ɗaya daga cikin na'urorin wuta biyu ta mutu. Kowace shela tana da suna na lambobi da ake kira OID. Na linkDown a sigar yanzu shi ne 1.3.6.1.6.3.1.1.5.3. Na kamfanoni suna farawa da 1.3.6.1.4.1, sai lambar da hukumar IANA ta ba kamfanin ta biyo baya. Cisco 9 ce, Juniper 2636. Fassarar waɗannan lambobi tana cikin fayilolin MIB, kuma tashar da ba a loda mata MIB ɗin na'ura ba za ta karɓi shelar amma ba ta san me aka ce mata ba. Sai ta jera ta a matsayin "abin da ba a sani ba", ma'aikaci ya gan ta sau ɗari ya saba da wucewa, alhali wataƙila tana cewa wutar ajiya ta mutu tun makon jiya.

Saitin kansa gida biyu ne, kuma kowanne na iya zama daidai ɗayan ya ɓaci. Gida na farko shi ne gaya wa na'ura waɗanne abubuwa za ta yi shela a kansu. Na biyu shi ne gaya mata wa za ta aika wa, da wace siga, da wace shaida. A IOS, manhajar da ke tafiyar da na'urorin Cisco, misali, umarnin snmp-server enable traps shi ke buɗe na farko, snmp-server host kuma shi ke nuna tashar. Wanda ya rubuta na biyun bai faɗi siga ba, da siga ta 1 za a aika, mafi tsufa kuma mafi rauni. Sai batun adireshin da shelar za ta fito da shi, wanda ya fi kama mutane. Rauta mai mahaɗa goma tana da adireshi goma, kuma idan ba a ɗaure ta ba, za ta sa wa shelar adireshin mahaɗar da saƙon ya fita ta cikinta. Yau tashar ta gan ta da wannan suna, gobe hanya ta sauya ta zo da wani, tashar ta ɗauke ta baƙuwa ta yi watsi da ita, ko katangar tsaro (firewall) ta tare ta a hanya. Kuma yaushe hanya ke sauyawa? Ranar da abu ya lalace. Maganin shi ne a ɗaure shelar a kan adireshin Loopback, mahaɗar da ba ta jingine da wata waya balle ta faɗi, da umarni irin snmp-server trap-source. A na'urorin da aka ware wa harkar gudanarwa teburin hanyoyi na daban, dole a faɗi cewa ta nan shelar za ta bi, in ba haka ba ta nemi tashar a teburin da ba ta ciki.

Can ɓangaren mai karɓa ma akwai tarko. Manhajar snmptrapd ta Net-SNMP, wadda tashoshi da yawa suka dogara da ita, tun daga siga ta 5.3 ba ta karɓar shela sai an rubuta mata wanda ta yarda da shi. Saƙo zai iso bakin ƙofa ta 162, ka gan shi da idonka a manhajar kama saƙonni, amma babu shi a rajista.

Siga ta biyu ta kawo abin da ake kira inform, shela mai jiran amsa. Na'ura ta aika, ta riƙe kwafi, ta jira tashar ta ce "na ji". In ba ta ji amsa ba ta sake aikawa, har adadin da aka ƙayyade mata. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ra'ayina shi ne duk abin da zai sa a tashi mutum daga barci ya cancanci a aika shi ta wannan hanya: mutuwar wutar babbar rauta, yankewar BGP da mai ba ka intanet, faɗuwar babban layi tsakanin cibiyoyi. Amma yana da tsada. Kowane saƙon da ke jiran amsa yana cin ƙwaƙwalwar na'ura, kuma maimaitawa tana ƙara lodi a kan layin da dama ya cunkushe. Layin jira kuma yana da iyaka. A IOS asalin tsawonsa saƙo 10 ne ga kowace tasha, abin da ya haura idan an yi ambaliya sai ya zube. Sannan idan yankewar ta fi ƙarfin adadin maimaitawar, na'urar za ta haƙura ta yar da saƙon. Inform yana rage asara, bai kawar da ita ba.

Tsaro kuwa labari ne mai tsawo da zan taƙaita. A siga ta 1 da ta 2c (wani nau'in siga ta biyu), shaidar kawai wata kalma ce da ake kira community, wadda ke tafiya a fili cikin kowane saƙo, kuma na'urori da yawa sun daɗe suna fitowa daga masana'anta da kalmar public. Mutane sukan damu da wanda zai karanta bayanan na'urarsu, su manta da wanda zai ƙirƙiro shelar ƙarya. Adireshin mai aikawa a UDP abu ne mai sauƙin jabu. Idan tasharka tana ɗaukar mataki da kanta bisa shela, kamar rufe mahaɗa ko sauya hanya, to wanda ya iya yi mata ƙarya ya riƙe linzamin netwok ɗinka. A Fabrairun 2002 cibiyar CERT ta fitar da gargaɗi bayan masu bincike a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finland sun nuna cewa gurɓatattun saƙonnin SNMP, har da shela, suna iya durƙusar da kayan kamfanoni masu yawa. A Disambar wannan shekarar aka kammala siga ta uku, SNMPv3, cikin RFC 3411 zuwa 3418, mai tantance mai aikawa da kuma kulle abin da saƙo ya ƙunsa. An ƙara masa AES, dabarar kulle saƙo, a 2004, da dangin SHA-2 na tantance saƙo daga baya.

Sai dai SNMPv3 ya zo da wani ƙulli da ya sa mutane da yawa suka gwada suka koma wa tsohuwar hanya, kuma ya kamata a warware shi a hankali. Kowace na'ura tana da lambar shaida da ake kira engine ID, kuma makullin sirri ba daga kalmar sirri kaɗai ake samar da shi ba, ana gauraya ta da wannan lamba. A kowace magana tsakanin ɓangare biyu, ɗaya ne mai iko, kuma lambarsa ce ake amfani da ita. A shela ta yau da kullum, mai aikawa ne mai iko, don haka tashar ce za ta san lambar kowace na'ura kafin ta iya buɗe saƙonta. A inform abin ya juye: mai karɓa ne mai iko, na'urar ce ke buƙatar lambar tashar. Wanda ya sauya daga trap zuwa inform bai lura da wannan juyi ba, zai ga komai ya tsaya cak ba tare da wani saƙon kuskure mai ma'ana ba. Haka nan idan aka kwafi na'urar kama-da-wane (wadda manhaja ce kawai a cikin wata kwamfuta) sau ashirin daga uwa ɗaya, dukansu na iya fitowa da lamba iri ɗaya. Kowace kuwa tana ƙirga sau nawa ta tashi da daƙiƙa nawa ta yi a tashe, kuma ƙa'idar tana ƙin saƙon da ya kauce wa wannan lissafi da fiye da daƙiƙa 150, don kada wani ya naɗi tsohon saƙo ya sake turo shi. Tashar sai ta riƙa ganin na'ura ɗaya mai agogo ashirin, ta karɓi na wasu ta ƙi na wasu. Irin wannan matsala mai zuwa tana tafiya ta fi wadda ta tsaya wuri ɗaya cin rai.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan saƙon da bai iso ba ne. Akwai ɗaya ɓangaren, kuma a ganina shi ya fi yin ɓarna: saƙon da ya iso amma ya nutse cikin dubunsa.

Abu ne mai sauƙi mutum ya kunna dukan shela a dukan na'urori, ya ji ya yi aiki. Ɗauki suwic mai mahaɗa 48 da kwamfutocin ma'aikata ke jone da shi. Kowace safiya an kunna kwamfuta, linkUp; kowace yamma an kashe, linkDown. Ninka wannan da suwic ɗari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dubban saƙonni da ke buƙatar kowa ya motsa, amma a allo kamanninsu ɗaya da faɗuwar layin da ya haɗa gini da gini. Ƙa'idar ta tanadi mafita tun tuni: a RFC 2863 kowace mahaɗa tana da makunninta, ifLinkUpDownTrapEnable, a Cisco kuma no snmp trap link-status a kan mahaɗar yana rufe mata baki. A bar shela a kan layukan da ke tsakanin na'urori da na sabobi (manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima), a kashe ta a na teburan ma'aikata. Sai mahaɗa mai rawa, wadda waya mai lahani ke sa ta faɗi ta tashi sau da yawa a minti guda. Ita kaɗai tana iya cika layin jira ta kori shelar da ta fi ta muhimmanci. Irin wannan sai an danne ta, ko a na'urar ko a tashar, ta zama ƙara ɗaya mai cewa "wannan mahaɗa ba ta da natsuwa".

Masu kula da matatun mai da masana'antun sinadarai sun riga mu koyon wannan darasi, kuma da tsada suka koya. A 1994 matatar mai ta Milford Haven a yankin Wales na Birtaniya ta yi bindiga, kuma binciken hukuma ya gano cewa a minti 11 na ƙarshe kafin fashewar, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275. Bayanin yana gabansu, amma babu ɗan Adam da zai iya tsince shi. Jagorar EEMUA 191 da ta fito a 1999 ta sa ma'auni na kusan ƙararrawa ɗaya cikin minti goma ga ma'aikaci ɗaya a lokacin aiki na yau da kullum. Netwok ba matata ba ce, amma kunnen mutum ɗaya ne a ko'ina. Wanda wayarsa ta yi ƙara sau arba'in cikin dare a kan abin da bai kai ya kawo ba, na arba'in da ɗaya ba zai duba ba, kuma ban ga laifinsa ba. Laifin na wanda ya saita ne.

Don haka kafin a kunna kowace shela, tambayar da nake so a yi ita ce: in ta zo, wa zai yi me? Idan akwai amsa, kuma abin ba ya jira, ta tashi mutum. Idan yana iya jira, ta buɗe takardar aiki a duba da safe. Idan babu wanda zai yi komai, ta tafi rajista kawai, don ranar bincike. A nan syslog ke da amfani, tsarin aika rubutaccen rahoton na'ura mai bin ƙofa ta 514 da matakan tsanani takwas daga 0 zuwa 7. Shi ke ba da cikakken labari cikin kalmomi, shela kuma ta ba da ishara a tsare. Tashar ma tana buƙatar sanin wace na'ura ke bayan wace. Idan babbar rauta ta faɗi, na'urori hamsin da ke bayanta za su ɓace tare, kuma ƙara ɗaya ya kamata a gani, ba hamsin da ɗaya ba. A shelar da ta shafi ma'auni, kamar zafi ko cikar layi, RMON, tsarin sa ido daga nesa na dangin SNMP, ya koyar da dabara mai kyau: iyaka biyu, ta hawa da ta sauka. In ka sa ƙara a kashi 90 cikin 100, kada ta sake tashi sai abin ya sauko ƙasa da, a ce, kashi 70 tukuna. In ba haka ba, layin da ke yawo tsakanin 89 da 91 zai yini yana kuka.

Akwai wani lahani da ke haɗa matsalolin biyu. Shela bibbiyu suke zuwa, ta faɗuwa da ta dawowa. Idan linkUp ta ɓace a hanya, jan layi zai zauna a allo a kan abin da ya warke tun jiya. Jajayen layuka na ƙarya suna taruwa, ma'aikata su daina yarda da allon. Gyaran shi ne komawa ga nufin farko: shela ta zo, tashar ta je ta tambayi na'urar da kanta, ta ci gaba da tambaya har ta ga an warke. Gani ya kori ji. Na'urorin da ke da rajistar sanarwa ta RFC 3014 ma suna ba tashar damar karanto abin da ya wuce ta bayan hanya ta dawo.

Ƙananan abubuwa biyu da ke ɓata bincike. Shelar linkDown da lamba take ambaton mahaɗa, ifIndex, kuma a wasu na'urori lambar na iya sauyawa bayan an sake kunnawa ko an ƙara kati, sai a tura ma'aikaci ga wayar da ba ita ba. Umarni irin snmp-server ifindex persist ke tsayar da ita. Na biyu, shela ba ta ɗauke da kwanan wata. Abin da ke cikinta shi ne sysUpTime, tsawon lokacin da na'urar ta yi a tashe, da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa ake ƙirga shi, kuma yana cika ya koma sifili bayan kwana 497. Tasha marar wayo tana iya ɗaukar wannan a matsayin na'ura ta mutu ta tashi. Lokacin da ke rajista na isowa ne, ba na faruwa ba, kuma sai agogon kowa yana bin NTP, ƙa'idar daidaita agogo, kafin a iya jera abin da ya riga wani.

Yanzu ana ta komawa ga sababbin hanyoyi, irin gNMI da YANG-Push na RFC 8641 da ya fito a 2019, inda na'ura ke kwararo bayanai ba yankewa a kan haɗin da aka kulle. Babbar fa'idarsu a wurina ita ce shiru a cikinsu yana da ma'ana: kwarara ta tsaya, ka san wani abu ya faru. Amma tsofaffin suwic, na'urorin ajiyar wuta, firintoci da na'urorin sanyaya ɗakin saba za su daɗe suna magana da SNMP, kuma ana iya ara musu wannan fa'ida. A sa wata na'ura a kowane yanki ta riƙa aika shelar gwaji a kan kari, da manhajar snmptrap ko makamanciyarta, tashar kuma ta yi ƙara idan ba ta zo ba. A nuna wa kowace na'ura tasha biyu a wurare daban, ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta kurmantar da kowa ba. Inda hali ya yi, a ba harkar gudanarwa hanyarta ta daban wadda ba ta bin layin da take gadi.

Sannan gwajin da babu abin da ke maye gurbinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A lokacin gyara da aka sanar, a zare waya da hannu, a cire ɗaya daga cikin na'urorin wuta biyu, a tsaya da agogo a ga daƙiƙa nawa kafin wayar mai aikin dare ta yi ƙara, da sunan na'ura daidai da mahaɗa daidai. A mayar, a ga jan layin ya goge da kansa. A sake yin haka bayan kowane sabunta manhajar na'ura da kowane sauyi a katangar tsaro, domin a waɗannan ranaku biyu ne ƙofa ta 162 ta fi rufewa ba wanda ya sani.